Sandar da Buba ya aiko maka

Batsari,
Ranar Talata, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya kai ka Kaduna lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da gangancin direbobi, ya haɗa ka da abokan aiki masu tsoronsa, ya sa ka fara aikin nan a sa'a. Allah ya jiƙan mahaifinka da bai ga wannan rana ba.

Za ka yi mamakin samun wasiƙa daga wadda ƙofar ɗakinta ke kallon taka. Na rubuta ne don na san halinka. In na zaunar da kai, kafin in kai rabin magana ka saka wasa, ka ce Inna ta fara darasi, ƙannenka su yi dariya, maganar ta watse. Takarda ba a katse ta.

Jiya a tsakar gida kawunka Sule ya tambaye ka wane aiki za ka yi a gidan talabijin ɗin. Ka ce an sa ka a sashen da ke zaɓen fina-finan waje da tsara lokacin nuna su. Na tambaye ka waɗanne iri. Ka ce waɗanda mutane ke so, na harbe-harbe da na faɗan 'yan Sin. Da ka ga fuskata ta sauya, sai ka ce, "Haba Inna, kallo ne kawai." Kowa ya yi dariya. Ni na yi shiru don kada in kunyata ka gaban ƙannenka, amma raina ya ɓaci, kuma har yanzu a ɓace yake. Duk faɗin ƙasar Batsari da Safana, kai ne mutum na ƙarshe da ya kamata wannan magana ta fito daga bakinsa.

Na san kana ganin abin da ya faru tsakaninka da Buba abokinka ya wuce, ƙuruciya ce. Ba zan ɗora maka nauyin duka ba, domin kafin hannunka ya ɗaga, nawa ya riga ya yi ɓarna. Zan faɗa maka inda na kuskure, don kujerar da za ka hau ita ce irin wadda na taɓa zama a kai, sai dai taka ta fi tawa tsawo nesa.

Kana aji shida a lokacin, ina koyarwa a firamaren nan. Baƙon dauro yana ɗibar yara a ƙauyuka, iyaye kuma suna ɓoye 'ya'yansu a rumbu in masu allura sun zo. Ni na je ofis na roƙa a turo motar majigi a nuna wa mutane amfanin allurar. Aka turo wani Ɗanjuma da motarsa da farin ƙyallensa, muka kafa a filin makaranta bayan magariba. Fim ɗin allura na farawa, mutane suka soma zamewa. Ɗanjuma ya matso kusa da ni ya ce, "Malama, mutanenki ba likita suka zo gani ba. Akwai wani a mota, na 'yan Sin, na aro daga silimar birni. In na yi shela za a sa shi a ƙarshe, ko ruwa aka tsuge ba mai tashi."

Na ce, "Me ke cikinsa?"

Ya ce, "Tsalle-tsalle ne kawai, Malama."

Ban ce ya nuna mini tukuna ba. Ina son filin ya cika, ina son a ce Malama Hajara ta yi ƙoƙari. Na ce ya sa. Mutane suka zauna daram, washegari aka yi layin allura har bakin titi, aka yabe ni a ofis. Abin da aka nuna a ƙarshen kuwa, mutum guda ne ya karya wuyan mutanen da ba su ƙirguwa, yana ihu kamar mage, yara 'yan aji ɗaya suna zaune a gaba-gaba bakinsu a buɗe. Kafin mako ya zagayo, an daina langa a filin makarantata. Lokacin tara sai shuri da ƙafa, da sara da gefen hannu, da wannan ihun. Na yi ta bulala, na manta ni na buɗe ƙofar.

Saboda haka abu na farko: kada ka taɓa sa hannu a kan fim ɗin da ba ka zauna ka gani da idonka daga farko har ƙarshe ba. Duk wanda ya ce maka tsalle-tsalle ne kawai, yana da abin da yake son sayarwa. Kuma kada ka ruɗi kanka da cewa ka haɗa shi da abu mai amfani. Allurar ta yi aikinta, wancan ma ya yi nasa.

Ba a daɗe ba wani ɗan kasuwa ya ga akwai samu. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, kowa na neman abin da zai kashe wa kuɗi. Ya sayo injin majigi nasa, ya kewaye fili da zana a bayan kasuwa, duk ranar kasuwar Batsari sai ya nuna. Na bar ka kana zuwa. Mahaifinka ya yi magana, na ce masa yaro ya buɗe ido, zamani ne. Ni ce mai ilimin sakandare a unguwa, ba na son a ce ɗana baƙauye ne.

Wata rana ka dawo kana haki ka ce, "Inna, ashe ba mutuwa suke yi ba. Wanda aka fasa wa kai wancan makon, yau ga shi ya dawo da gashin baki." Abokanka suna gardama wai maganin ƙarfe gare shi, kai ka ce ƙarya ce, shiri ne. Na ji daɗi. Na ce ɗana ya fi su kai. Na zaunar da kai na bayyana maka cewa jinin ja ne ake shafawa, dukan kuma ba ya sauka. Na koya maka cewa mutuwar ƙarya ce, na tsaya a nan. Ban ƙara da cewa hannun da zai kwaikwaya na gaske ne, kan da zai sauka a kai ma na gaske ne ba. Rabin darasi na ba ka, kuma rabin da na bari shi ne mai muhimmanci.

Ka tuna yadda muke da gidan Arɗo Haro. Tun zamanin kakanka, in an gama girbi a gonarmu ta Karare, shanunsu ke sauka su ci kara su bar mana taki. Dije matarsa ƙawata ce, ba ta wuce gidan nan ranar kasuwa ba ta sauke ƙwaryarta ba. Buba ɗansu sa'anka ne, kun fi wasu 'yan'uwa shaƙuwa. A kakar da ta gabaci faruwar abin ya ba ka sandarsa ta kiwo, wadda ya goge da man shanu har tana ƙyalli. Kai ɗan gari ne, ba ka san girman kyautar ba. Yaron Fulani ba ya rabuwa da sandarsa haka kawai.

Wannan sandar ka kai wa mai gyaran keke ya yanke ta biyu, ya haɗa guntayen da sarƙar keke, irin wadda ka ga ana juyawa a majigi. Na gan ta rataye a ɗakinka. Ka san me na yi? Na ɗauke ta na nuna wa wata malama, na ce dubi dabarar Sanusi, da ana ba da maki a aikin hannu da ya ci. Ina rubuta wannan ina jin haushin kaina. Makami na gani a ɗakin ɗana, na kira shi dabara.

In ka haifi naka, ko ka ga na wani, ka lura da abin da suke ƙerawa bayan sun yi kallo. A nan za ka san abin da ka nuna musu.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, shanu suna cikin kara. Kuka ce za ku yi fim. Kai ne jarumi, Buba abokin gaba. Ka ce masa ya tsaya, ba abin da zai ji. A majigi, in an juya wannan abu, wanda ake duka yakan goce, ya sunkuya, ya yi tsalle baya, don an shirya da shi. Kai ka ɗauka Buba ma zai goce. Shi kuwa tun yana rarrafe ake gaya masa cewa namiji ba ya kauce wa sanda, ranar sharo na zuwa, wanda ya ƙifta ido ya kunyata gidansu. Ya dafa ƙugu, ya ɗaga kai, yana maka murmushi. Bai motsa ba. Guntun sandarsa ya same shi a idon hagu.

Waɗanda suka yi fim ɗin ba su san akwai yaron da aka rene shi kada ya goce ba. Masu tace fim da suka buga masa hatimin amincewa ma ba su sani ba. Ni na sani, ina zaune da mutanen nan tun ina amarya, kuma ban yi tunanin komai ba.

Mahaifinka ya kai shi Katsina, daga can aka tura su Kano. Idon bai dawo ba.

Kuskurena mafi muni a gaban dagaci na yi shi. An tara mu, Arɗo yana zaune bai ɗaga murya ba. Ni na miƙe na yi ta zuba. Na ce wasan yara ne, na ce tsautsayi ne, na ce ai Buba ma da ya kauce da ba a kai ga haka ba. Na yi amfani da bakin da makaranta ta ba ni na rufe bakin mutanen da aka cuta. Aka ce a yi haƙuri, aka shafa fatiha. Da muka fito, Dije ta tsaya a gabana ta ce, "Malama, kin iya magana. To ki yi wa idon magana ya buɗe." Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

A shekarar suka kwashe shanunsu suka koma wajen Babban Duhu. Gonar Karare ba ta sake ganin takinsu ba, ka kuma ga yadda geronta ya koma. Kai kuwa na ce kada kowa ya ƙara tayar maka da zancen, wai kada ya dame ka a jarrabawa. Na tura ka makarantar kwana. Na share maka hanya sosai, har ga shi ka girma kana iya cewa kallo ne kawai. Wannan aikina ne. Da na kama hannunka a lokacin na kai ka ruga ka zauna kusa da shi yana jinya, ka ga yadda ake wanke idon da ruwan ɗumi yana cije leɓe, da jiya ba ka yi dariya ba.

Idan abin da ka saki ya yi ɓarna, kada ka nemi kalmomin kare kanka. Za ka same su, ɗana ne kai, bakinka irin nawa ne. Ka je ka ga ɓarnar da idonka.

Bayan haka na ce sai an rufe zanar nan ta bayan kasuwa. Na shirya na tafi ofishin ƙaramar hukuma. Wani jami'i ya karɓe ni da fara'a, ya aika aka kira mai injin, ya zo da gwangwanin fim ɗinsa. Suka nuna mini takarda manne a jiki da hatimi. Jami'in ya ce, "Malama, kin ga an tace shi a Ikko. Manya sun gani sun amince. Mu a nan su wa?"

Na karanta takardar. An rubuta cewa na manya ne, ban da yara. Na nuna masa. Mai injin ya yi dariya ya ce, "Hajiya, in na kori yara, wa zan nuna wa? Manya suna gona."

Jami'in ma ya yi dariya. Ni kuma, da aka koya mini tun ina ɗaliba cewa takarda mai hatimi ba a ja da ita, na naɗe gyalena na dawo gida. Ban je wurin hakimi ba, ban tara iyaye ba, ban tsaya a bakin zanar na kori 'yan makarantata ba, alhali in na tsaya ba yaron da zai iya wucewa ta gabana. Hatimi ya ba ni uzurin yin shiru, na karɓa.

Har yau in na tuna raina tafasa yake. Mutane su zauna a ɗaki mai sanyi a bakin teku, su kalli abu, su rubuta ban da yara, su tafi cin abinci. Wa suka aiko ya tsaya a ƙofa? Wa ya zo ya ga cewa a nan ƙofar zana ce, yaro yana ɗaga ta da kai ya shige? Dokar da ba mai tsaron ta ado ce a jikin gwangwani. Mai fim ya samu, mai injin ya samu, mai hatimi ya karɓi albashinsa, ɗan Dije ya biya da ido.

Kada ka ce mini ai mu ma muna da dambe da sharo da 'yan tauri. Na san za ka faɗa, don ka taɓa faɗa. Ba na son ko ɗaya daga cikinsu, amma ka dubi yadda ake yin su. A dambe, hannun mutum na taɓa ƙasa an gama, mai rabo ya shiga tsakani. A sharo dattawa suna tsaye, an duba bulalar, an san inda ake duka da inda ba a duka, kuma wanda ya yi dukan ya san za a rama a jikinsa. Kowa a filin ya san uwar wanda aka daka, zai gamu da ita a rijiya. Yaron da ya kalla ya ga dukan, ya ga jinyar. A fim ɗinka fa? An harbe mutum, ya faɗi, kiɗa ya tashi, an wuce. Ban taɓa ganin an nuna matarsa tana takaba ba. Ban taɓa ganin an nuna mai wanke jinin ba. Ana koya wa yaro duka, ana ɓoye masa abin da ke biyo baya.

Yanzu ga talabijin. Wancan injin sai ranar kasuwa, naka kullum ne. Ka ga akwatin da aka kafa a filin gari, ka ga su wa ke zama a gaba da zarar an tayar da injin wuta. Ba ma'aikata masu kwat ba ne. 'Yan ajina ne, da ƙannensu a goye, da yaran ruga da suka kawo nono suka makara. In kana zaɓen fim a Kaduna, su za ka sa a gabanka.

Ban ce ka hana mutane nishaɗi ba, ni ma ina dariya in abin dariya ya zo. Na ce ka kalli kowane fim kafin ka sake shi. Abin da ke koyar da yadda ake illata mutum, ka yanke shi ko ka mayar. Abin da aka ce na manya ne, kada ya fito a lokacin da yara ke zaune, ka san lokacin, ka zauna a cikinsu. In shugabanka ya ce ai an riga an tace, ka gaya masa da ladabi cewa wanda ya tace bai san Karare ba, kai ka sani. In ya ce mutane suna so, ka ce yara ma suna son wasa da wuta. In ya nace, ka rubuta rashin amincewarka ka sa hannu, kada ka yi gunaguni a bayan ofis kamar yadda na yi. In kuma aka ce ko ka saki ko ka bar aiki, ka dawo. Gonar nan ta gaji, amma za ta ciyar da kai, kuma ba zan ji kunyar ɗan da aka kora a kan wannan ba.

Ka kuma sani zan riƙa zuwa filin gari. Ban taɓa zama a can ba, amma daga yanzu zan ɗauki tabarmata. Ranar da na ga an sa wa yara irin abin da Ɗanjuma ya sa a filin makarantata, zan tashi a gaban kowa in kashe akwatin, in juyo in gaya musu ɗana ne ya aiko da shi. Ka san ba na faɗin abin da ba zan yi ba.

Saura maganar Buba. Ba ka tambaya, don haka ba ka sani ba. Shekarun da sa'o'insa suka shiga sharo, dattawa hana shi suka yi, suka ce ba a dukan wanda ba ya ganin bulala ta gefe guda. Yana tsaye a bayan fili yana kallon ƙannensa suna karɓar abin da aka rene shi dominsa. Aurensa ya yi jinkiri a dalilin haka. Yanzu yana da mata da 'ya mace, yana kiwo, sai dai in saniya ta ɓalle ta hagu sai an yi masa magana.

Dije ba ta sake taka gidan nan ba sai ranar ta'aziyyar mahaifinka. Ita ta fara zuwa, ba ni ba, wannan ma ka rubuta a cikin laifuffukana. Tun daga nan takan leƙo. Ranar kasuwar da ta wuce, kana Katsina wajen karɓo takardunka, ta shigo da kwalbar man shanu da sanda a hannu. Ta ce sun ji ka samu aikin gwamnati.

Na ce, "Sandar fa, ko tsufa ya fara taɓa ki?"

Ta ce, "Tsufa na gidanku, Malama. Ta ɗanki ce. Buba ya ce a ba abokinsa, birni da nisa, mutum na son abin dogarawa." Sai ta yi dariya ta ƙara da cewa, "Ya ce amma a gaya mashi, wannan kada ya yanke ta."

Ita dariya take yi. Ni na kasa, na shiga ɗaki na bar ta da ƙanwarka.

Jibi ba ta Katsina za ka bi ba. Ka hau motar Safana, ka sauka, ka nemi mai kai ka Babban Duhu, kowa ya san rugar Arɗo Haro. Ka gaida Arɗo, ka gaida Dije, ka zauna da Buba. Ka zauna ta damansa don ya gan ka. Ka gaya masa aikin da za ka yi da bakinka, ka dubi fuskarsa, in kana iya cewa kallo ne kawai a nan, to ka faɗa. Daga can ka wuce Dutsin-Ma ka kama hanyar Kaduna. In kana son albarkata a kan wannan aiki, ta wannan hanya za ka same ta.

Sandar tana jingine da akwatinka. Na gwada, ba ta shiga ciki. Ka riƙe ta a hannu har ofis ɗin, ka jingine ta inda za ka riƙa ganinta. In abokan aikinka sun yi maka dariya sun tambayi me ɗan boko yake yi da sandar kiwo, ka ba su labarin duka, har da nawa.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare idonka da hannunka daga cutar da bayinsa, ya sa kada wata uwa ta yi kuka ta dalilinka. Ka riƙe salla a kan lokaci. Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai lafiya.

Mahaifiyarka,
Malama Hajara